Sunan da Na Bari a Liwan

Shekarar da aka canza takardun kuɗi, mutane suna wuni a ƙofar banki su dawo hannu rabbana, a shekarar na iya rubuta sunana da boko, a shekarar kuma na je Guangzhou ta ƙasar Sin. Lokacin na kusa hamsin.

Sana'ata fenti. Tun ina saurayi nake zana fostar fim ga gidajen silima a Kano. A kawo mini ɗan ƙaramin hoto in mayar da shi babba a kan allo ko yadi, jarumi da takobi, ko 'yar rawa mai ɗigo a goshi. Rubutun da ke ƙasa ma ni nake yi, amma kwaikwayo ne, yadda nake kwaikwayon gira da gashin baki. Ban san abin da yake cewa ba. Ban taɓa sa sunana a jikin ko ɗaya ba. Da fari ban iya ba. Na biyu, mahaifina ladan ne, ya yarda in ci abinci da hannuna, amma ya ce kada ya ga sunan gidansa a ƙarƙashin ƙafar 'yar rawa. Da silima ta mutu na koma allunan shaguna da bayan manyan motoci. Daga baya matata Hajara ta matsa mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, ban yi nisa ba tafiyar ta taso. Haladu Sani kawai na iya rubutawa, shi ma sai na ciji leɓe.

Wani Alhaji mai atamfa ne ya kai ni, ba zan kama sunansa ba. Ya ce in zana masa sababbin zanen atamfa kusa da masana'anta, don in an ce a gyara a gyara nan take. Ya kama mana ɗaki a unguwar Sanyuanli, irin wanda in ka miƙa hannu ta taga za ka taɓa bangon maƙwabci. Rana ba ta leƙowa. Na zauna na zana masa duk abin da ke kaina, har da zanen ganyen zogale da na daɗe ina ɓoyo. Ranar da na gama ya tattara su a jaka, ya ce zai kai wani gari ya dawo jibi. Har yau jibin nan bai yi ba. Wayarsa ta daina shiga, mai gidan kuma ta zo da waya mai fassara tana nuna mini ƙofa. Allah Ya taimake ni fasfona da tikitin komawa suna jikina, sai dai ranar tikitin da saura kusan wata biyu.

Na ji ana cewa duk Bahaushen da ya rasa tudun dafawa ya nufi Tianxiu, wani dogon gini a unguwar Xiaobei da baƙaƙen fata ke da shaguna. Da ƙafa na je, ina nuna wa mutane sunan a waya. A wani shagon tociloli na ji ana ciniki da Hausa, na yi sallama. Mai shagon dattijo ne mai jiki, sunansa Alhaji Isufu, ɗan Damagaram da ke kasuwanci a Maraɗi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambayi garinmu. Da na ce Kano sai ya fashe da dariya.

"Bakano aka cuta? Ku da kuke sayar wa mutum inuwar bishiyarsa? Yau na ga abin da kakana bai gani ba."

Na ce ai shi ya sa Allah Ya kawo ni wajen bawana, irin wasan nan na Kanawa da Damagarawa. Ya ce bawa ne zai ciyar da ni, in zauna. Ya sa aka kawo shinkafa, ya ba ni tabarma a falon gidan da yake haya, tsakanin kwalaye. Da ya ga ina da idon launi sai ya riƙa aikena kasuwannin Liwan, wato tsohon gari, da ƙyallaye, in nemo masa yadi mai launi iri ɗaya, don ya ce su Sinawa in ka ce shuɗi sai su ba ka shuɗi goma.

A ɗaya daga cikin aiken nan ruwa ya tsare ni a wani lungu na tsohon gari. Na raɓe a ƙofar wani shago, na leƙa, sai na ga wanda na sani. Jarumi ne cikin fararen kaya, ya yi tsalle ƙafa ɗaya a sama. Sau biyu na zana shi a Kano da hannuna. Wannan kuwa fosta ce ta asali, ta takarda, ta tsufa ta yi launin shayi. A ƙarƙashinta wani siririn tsoho da singileti yana wanke wata fosta a kan tebur, da ruwa, kamar mai wankan jariri. Bai kore ni ba. Ya nuna mini kujera 'yar tsugunno, ya zuba mini shayi a kofin da bai fi murfin kwalba ba. Ba mu da harshe ɗaya, don haka na ciro fensir na zana jarumin a bayan kwalin ƙyallen Alhaji Isufu, ban ɗaga kai na dubi fostar ba. Tsohon ya riƙe kwalin ya yi dariya har na ga haƙorinsa na zinari. Washegari na koma, bayan na gama aike. Haka na yi ta komawa.

Lawban nake kiransa, wato maigida, kamar yadda kowa ke kiran mai shago a can. Yana da ɗa mai suna A Ming, ni kuwa Aminu nake ce masa. Shi yake biyan haya, shi yake neman masu saye ta waya, kuma yana jin Turancin kasuwa irin wanda nake ji. Shi ya bayyana mini cewa akwai masu kuɗi da ke tara tsofaffin fostocin fim kamar yadda wasu ke tara dawakai, aikin babansa kuma shi ne gyara waɗanda laima da ƙwari suka ci.

Aikin haƙuri ne. A wanke takardar, a shimfiɗa mata wata siririya a baya da gam ɗin da ake damawa da garin alkama. Duk safiyar da Lawban ke dama shi sai ƙanshin ya kai ni tsakar gidanmu, Hajara tana dama koko, sai in fita ƙofa in ɗan tsaya. Inda ya huje a cike da tsohuwar takarda da aka yaga da hannu, ba da almakashi ba. Sannan a shafa launi a kan facin kaɗai, ban da inda mai zanen farko ya taɓa. Nan ne na sha wuya. Mu a Kano ƙari muke yi. In jarumi ya rame mu ƙara masa ƙwanji, in faɗa bai yi zafi ba mu ƙara jini, don mai wucewa ya sayi tikiti. Ranar farko da aka ba ni buroshi na ga girar wani jarumi ta yi siriri, na ɗan cika masa ita. Lawban ya buge mini hannu da ƙotar buroshi ya ce, "Meyo," wato babu. Ya jiƙa auduga ya goge. Ashe da gangan suke amfani da launin da ruwa ke ɗaukewa, don wanda zai zo bayansu ya iya cire aikinsu in ya fi su sani. Daga ranar kalmar da na fi ji a bakinsa ita ce man-man, sannu-sannu.

Ba a takarda aka ɗauke ni aiki ba, zama nake ina koyo ina taimakawa. Amma da Lawban ya lura ba na taɓa abincinsu, sai ya riƙa aika a sayo mini taliya wajen Musulmin Sinawa masu farar hula, ya kuma ware mini kwanona daban ya ɗaura masa jan zare. In lokacin salla ya yi, da kansa yake janye kujera ya ba ni wuri.

Akwai al'adar da ba ya ƙetarewa. In fosta ta bushe sai ya kife ta a kan gilashi mai fitila a ƙasa, ya bi duk inda ya yi faci ya kewaye da fensir ta baya, sannan ya buga ɗan jan hatiminsa a kusurwa. Duk sanda ya ɗauko hatimin nan Aminu yakan fita shan taba. Wata rana na tambaye shi dalili. Ya ce fostar da ba a taɓa ba ta fi daraja nesa ba kusa ba, babansa kuma yana gyara har ido ba ya ganewa, sannan ya juya baya ya tona wa kansa asiri. Ya ce fostar ta mai zanen farko ce, mai gyara bara ne, bara kuwa ba ya rubuta sunansa a rigar ubangidansa. Na ce to shi tsohon me yake cewa? Ya ce cewa yake gaba na mai zane ne, baya na mai gyara. A ɓoye wa ido, kada a ɓoye wa mai saye.

Da na ba Alhaji Isufu labarin wurin, ba ta wannan ya bi ba. Ya ce hoton mai rai abin tsoro ne, an ce ranar lahira za a ce mai zane ya busa masa rai. Ya ce tunda na riga na saba, in ci gaba Allah Ya yafe mana, amma kada in kuskura in sa sunana, kada a samu shaida. Na ce ya kwantar da hankalinsa, shekara talatin ban sa ba.

Hannun Lawban yana rawa. Da safe da sauƙi, in rana ta yi sai buroshi ya riƙa kaɗawa kamar ganye. Aminu ya ga haka, ya kuma ga nawa hannun. Ya kira ni gefe ya ce in na koma gida zai yi mini takardu na gaskiya in dawo in zauna da su, da albashi da ɗaki. Na kira Hajara na faɗa mata. Sai ta tambaya ko ana samun daddawa a garin. Na san ta yarda ke nan. Mutumin da ya shekara yana jiran mai shago ya zo ya ce a rubuta masa allo, aka ce ga aiki kullum, kuma irin wanda ransa ke so. Na fara lissafin rufin ɗakinmu da ke yoyo.

Ana saura kwanaki kaɗan in tafi aka ɗauko wata babbar fosta daga cikin bututun kwali. Mace ce da takobi a kan gada, iska na kaɗa mayafinta. Laima ta ci gefunan, ƙwari kuma sun cinye ido ɗaya da rabin kunci. Aminu ya ce akwai mai saye daga Shanghai da ya daɗe yana neman irinta, ya gaya masa tana nan ana tsabtace ta. Lawban ya wanke, ya shimfiɗa bayan, ya cike ramukan, ya gyara gefuna. Da ya zo kan fuskar ya ɗaga buroshi ya daɗe, ya ajiye. Ya kawo wata tsohuwar mujalla mai ɗan hoton fostar, ya ajiye a gabana, ya miƙo mini buroshinsa na gashin akuya da ba ya ba kowa.

Ban taɓa jin tsoron takarda ba sai ranar. Na yi kwanaki a kan idon nan. In sa ɗigo, in ja baya, in dawo. Sau da yawa hannuna ya so ya ƙara mata kwalli irin na matan Kano, in tuna ƙotar buroshi in fasa. Da na gama Lawban ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya duba ya duba, ya je ya dafa sabon shayi.

Da ta bushe ya kife ta a kan gilashi. Ya kewaye facin gefuna, ya buga hatiminsa. Wajen fuskar ya bari fari, ya miƙo mini fensir. Ya yi magana, Aminu ya fassara ba da son ransa ba. Wai hatiminsa hannunsa yake shaida, idon nan kuwa ba hannunsa ba ne. Mai ido ya kewaye aikinsa ya sa sunansa. In bai so ba, shi ba ya tilasta wa kowa.

Aminu ya biyo ni har bakin lungu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in na bar wurin fari, mai saye zai ga gyaran gefuna kawai, ya ɗauka fuskar ta asali ce, ba wanda ya yi ƙarya da baki. In kuwa na sa hannu, zai ga rabin fuskar sabuwa ce, kuma baƙo ne ya yi ta, ba zai saya ba. Ya ce shagon a wuyansa yake, in cinikin nan ya lalace ba shi da halin yi mini takardu, ba kuma zai yi sha'awar yi ba. Na ce ya ba ni zuwa bayan Juma'a.

Bayan an sauko daga masallaci muka zauna cin taliya da Alhaji Isufu, na kwashe duka na faɗa masa. Ina tsammanin zai ce ai ya riga ya gaya mini. Sai ya ajiye sandunan cin abincin, waɗanda har yau bai iya riƙewa ba, ya tambaye ni ko mai sayen zai biya kuɗin tsohon ido ne alhali sabo aka ba shi. Na ce haka ne. Ya ce shi tun yana yaro a kasuwar Damagaram aka koya masa cewa wanda ya ɓoye aibin haja ya ci haram, ko da bai buɗe baki ba. Na tuna masa cewa shi ya ce kada in bar shaida. Ya harare ni.

"Kai Bakano, ka sa ni tsakanin malamai biyu." Ya juya kofin shayi. "Zanen dai ka riga ka yi. Masu rubutu na kafaɗarka ba su jira fensirinka ba, sun san sunanka da na ubanka. Wanda bai sani ba mutumin Shanghai ne."

Na ce aikin fa, da rufin ɗakina? Ya ce shi bai ce in sa ba, bai ce kada in sa ba, taliyarsa tana hucewa.

Ranar Asabar na je da wuri, Lawban yana dama gam. Na ɗauki fensir na nuna fostar. Ya kunna fitilar gilashin, facin ya fito ta baya kamar taswira. Kewayewa ba ta ba ni wuya ba, zane ne. Sunan ne aiki. Na zana fuskokin da ba su ƙirguwa a rayuwata, amma haruffa goman nan sai da gumi ya keto mini. Lawban ya dafe mini takardar da tafinsa yana cewa man-man. Layin ya ɗan karkace ya yi ƙasa, kamar yadda malaminmu ke yi mini faɗa a aji. Da na gama Lawban ya sa yatsa a ƙarƙashinsa ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya maimaita, bai faɗa daidai ba, na bar shi a haka.

Mai sayen ya zo da farin safar hannu da madubin ƙara girma. Ya daɗe a kan fuskar yana gyaɗa kai. Sannan ya juya bayan. Ya yi tambaya, Aminu ya amsa, na ga ya nuna ni. Mutumin ya dube ni, ya sake juya gaban ya nemi bakin facin da madubinsa, bai samu ba. Ya cire safar, ya sha shayi, ya yi godiya cikin ladabi, ya tafi bai saya ba.

Aminu bai zage ni ba, bai kuma sake ta da maganar takardu ba. Ni ma ban tambaya ba. Lawban ya rataye fostar a bango saitin teburinsa, kusa da jarumin nan mai tsalle. Ranar da na je sallama ya naɗe buroshin gashin akuyar a jarida ya cusa mini a aljihu. Aminu ya raka ni tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya saya mini tikiti, ya ce idon ya yi kyau, shi ne ma matsalar. Muka yi dariya kaɗan. Alhaji Isufu ya ba ni tociloli biyu da yadi na Hajara, ya ce in gaya wa Kanawa bawansu ya ciyar da ɗansu har ya yi kumatu.

Na dawo na koma allunan shaguna, na koma aji, har ga shi yau ina rubuta wannan da hannuna. In an kawo mini tsohon allo in gyara, ba na taɓa sunan wanda ya fara yi, amma ina juya bayan in rubuta nawa ƙarami. Rufin ɗakin mun lallaɓa shi da kwalta, yana riƙewa in ruwan bai yi yawa ba. Hajara ta ce dama ba ta yarda akwai daddawa a can ba.

Abin da na rasa a tafiyar ga shi. Zanen atamfa cike da jaka, har da na ganyen zogale, wanda na gani a jikin wata mata a kasuwar Kwari bara. Takalmi ƙafa biyu da hanyar Tianxiu ta cinye. Haƙori ɗaya da na fasa da ƙashin kaza. Aiki da albashi da ɗaki, waɗanda ban taɓa riƙewa ba balle in ce an ƙwace. Sai sunana, da fensir, a bayan wata mace mai takobi a wani lungu na Liwan. Shi kam ban sa shi cikin asara ba, na san inda na bar shi.